Ina so in sauke Accord ɗina: sifirin kawai zan canza ko har da shokazoba?

Ɗan Rijiyar Zaki

Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema wajen waɗanda suka san ƙafar mota.

Ina da Honda Accord 2006, ta Amurka, mai silinda huɗu, wadda 'yan kasuwa ke ce wa DC. Inji da giya ba su taɓa ba ni ciwon kai ba. Abin da ke damuna tsayuwarta ne. Tsakanin taya da bakin bodi, musamman a baya, tafin hannuna yana shiga har ya bar wuri. Kwanaki na ga wata irinta a wajen ɗaurin aure a Nasarawa, an sauke ta, taya ta cika raminta tsaf, ga rim mai inci 18. Tun ranar raina ya biya.

Na yi tambaya, kowa da abin da yake gaya mini. Bakaniken unguwarmu ya ce in kawo a yanke zagaye ɗaya da rabi a kowane sifirin da giranda, kafin la'asar an gama. Wani mai walda ya ce ba ma sai an kwance komai ba, zai hura wa sifirin wuta motar tana tsaye har ta zauna inda nake so. Abokina kuma ya ce in yi odar gajeren sifirin na kamfanin Eibach daga waje in ɗora a kan shok ɗin da ke jiki, tunda ba ya yoyon mai.

To wanne zan bi? Idan na sayi sifirin ɗin, dole ne sai na canza shok? Kuma har ina zan iya sauke ta ba tare da na kashe motar ba?

Don ku san yadda nake amfani da ita: kullum daga Rijiyar Zaki zuwa Sharaɗa wajen aiki. Layin gidanmu ba kwalta, da damina sai a hankali. Ƙarshen wata nakan kwashi iyali mu je Gwarzo gaishe da Hajiya, in za mu dawo but a cike yake da hatsi. Na gode.

Oga Mai Ƙafa

Wa alaikumus salam ƙanena. Gyaran ƙafa shi ne abincina, a nan wajen Ƙofar Ruwa nake, don haka zan ba ka amsar da zan ba wanda muka fito ciki ɗaya.

Mai waldan nan, ka gaishe shi da kyau, amma kada ka bari ya kusanci motarka da wuta. Ƙarfen sifirin a masana'anta ake gasa shi, a tsoma a mai, a sake ɗumama shi da awo, shi ya sa yake lanƙwasawa ya dawo shekara da shekaru. Ranar da wutar gas ta sa shi ya yi ja, wannan aikin ya tashi a banza. Wurin da aka ƙona zai yi laushi, ya ci gaba da zama bayan kun rabu da mai waldan, kuma babu hannun da zai ƙona ƙafa huɗu daidai wa daida. Ba za a daɗe ba za ka ga motar ta karkace gefe guda. Ga shi kuma a Accord shok ɗin a tsakiyar sifirin yake, cike da mai da iskar gas, shi ma yana shan wutar.

Yanka ya fi wuta dama-dama, amma ni ba na yi. Ka dubi ƙarshen sifirin idan an fito da shi: an tanƙwara shi ne musamman don ya zauna a kan farantinsa da robarsa. Ka yanke wannan, ya daina zama daidai. Sannan ya gajarce, to duk lokacin da taya ta faɗa rami ƙafa ta miƙe iyakarta, yana iya sakin wurin zamansa, ya dawo ba a inda ya bari ba. Ƙarar nan "kwas" da kake ji a motocin yaran da suka yi yanka, yawanci ita ce. Bakanikenka zai ce maka ai yanka yana ƙara wa sifirin tauri. Gaskiya ne, amma nawa? Sifirin mai zagaye takwas masu aiki, ka cire ɗaya, taurin ya ƙaru da kusan kashi 14 cikin 100 ne kawai, alhali ka cinye babban kaso na hanyar da ƙafa ke bi kafin ta daki ƙarshe. Kuma a gaban Accord shok yana zaune ne a kan hannun ƙasa, ciki-ciki, ba a bakin taya ba, don haka abin da ka rage a sifirin, a wajen taya ya fi haka. Shi ya sa masu yanka ke cewa "kaɗan muka cire", a sauke jak a ga mota ta kwanta.

Yanzu ga tambayarka ta ainihi.

Mutane da yawa suna ɗauka shok ne ke ɗauke da mota. A'a. Sifirin ne ke ɗauke da nauyi, shi ne ke faɗin tsayin mota. Aikin shok shi ne ya hana sifirin rawa. A cikinsa akwai sanda mai fistin a kai, fistin ɗin yana da ƙananan kafofi da bawul, yana kai da komo cikin mai. Wahalar da man ke sha kafin ya ratsa kafofin nan ita ce ke kashe tsallen. Kamfani ya auna kafofin ne daidai da taurin sifirin da ya zo da motar, kuma ya auna tsawon sandar ta yadda idan mota na tsaye fistin zai kasance wajen tsakiya, yana da hanya sama, yana da hanya ƙasa.

To ka kawo gajeren sifirin mai tauri ka ɗora masa. Abu biyu za su faru tare. Na farko, fistin ya koma zama can ƙasa, hanyar da ta rage masa kafin ya daki robar sitofa, wadda ke tare shi a ƙarshen hanya, ta ragu, ƙaramin rami ma sai ya kai ƙarshe. Na biyu, sifirin mai tauri yana dawowa da ƙarfi fiye da na asali, bawul ɗin tsohon shok ba zai iya riƙe shi ba. Sai ka ga mota ta hau bamp ta sauka, amma bayanta na ci gaba da sukuwa sau biyu sau uku. Mai kallo daga gefen titi zai ga ta yi kyau, na ciki kuwa hanjinsa ya sani. A kan gudu abin ya wuce rashin daɗi: tayar da ke tsalle ba ta manne da kwalta, birki ba ya kamawa yadda ya kamata, a kwana kuma bayan mota na iya zamewa.

Kuma ka ce shok ɗinka ba ya yoyo. Rashin yoyo ba lafiya ba ne. Motar 2006 ce, in har na asali ne a jiki ya riga ya ci zamaninsa, yana lallaɓawa ne da sifirin mai laushi da ya saba da shi. Ka ɗora masa mai tauri, ba za a jima ba za ka ga mai a jikinsa, ka sake biyan kuɗin kwancewa da ɗaurawa da alaimen. Amsata ke nan: tare ake canza su, ko a bar su tare.

Har ina za ka sauke? Ga mai zuwa Gwarzo da buhu a but, kada ka wuce milimita 25 zuwa 30, wato inci ɗaya da 'yan kai. Eibach suna da kala biyu da aka fi sani: Pro-Kit, wanda yawanci yake saukewa inci ɗaya zuwa ɗaya da rabi, da Sportline da ya fi shi kwantar da mota sosai. Sportline ba na titinmu ba ne. Kamfanin H&R ma suna yin masu kyau. Shok kuma ka nemi wanda aka yi don gajeren sifirin. Koni Sport, mai launin rawaya, ana iya ƙara masa ƙarfi ko a rage da ɗan murfi. A wajen Bilstein, B6 na motar da ke tsayinta na asali ne, B8 shi ne aka gajarta don wadda aka sauke. KYB Excel-G da ya cika kasuwa shok ne mai kyau, amma madadin na asali ne, an yi shi don tsayin kamfani.

Wajen oda ka buɗe ido da abu biyu. Accord ta Amurka daban, ta Turai daban ko da shekararsu ɗaya. Ta Turai ita ce Amurkawa suka sayar da sunan Acura TSX. Sannan mai silinda huɗu da mai V6 nauyin gabansu ba ɗaya ba ne, ka tabbata lambar da ka saya ta injinka ce.

Ba a nan kuɗin ya ƙare ba, kuma nan ne yara suke faɗawa. Idan mota ta sauka, saman tayoyi yana karkata ciki, ita ce kamba, bakin tayoyin ma yana sauya inda yake kallo. Bakin taya mai alaimen zai saita maka, gaba da baya. Kamba kuwa a wannan Accord ɗin kamfani bai bar wurin saita ta ba. Idan saukewar ta yi yawa sai ka sayi hannu mai zare na baya, gaba kuma bol-join mai saiti. Wanda bai yi ba, zai ga tayarsa daga waje sabuwa fil, ya sa hannu ta ciki waya ta soke shi. Na sha nuna wa masu mota wannan a kan rami, su yi ta rantsuwa ba su daɗe da sayen tayar ba.

Ranar aiki kuma ka tsaya a kai ka ga an yi waɗannan. A matse sifirin da ƙarfen matse shi, ba da igiya ko waya ba, don in ya kuɓuce yana karya muƙamuƙi. A sa sabuwar sitofa da robar kare ƙura, a duba robar saman shok. Duk notin da ya ratsa ta cikin bushin kada a ɗaure shi tamau mota na rataye a jak, sai nauyinta ya zauna a kan ƙafa, in ba haka ba robar za ta zauna a murɗe ta yage da wuri. Ka yi alaimen, bayan sati biyu sifirin ya gama zama ka koma a sake dubawa. Fitilun gaba ma a saita.

Amma wani abu ya tsaya mini a cikin bayaninka. Ka ce tafin hannunka yana shiga a baya har ya bar wuri. DC mai shekarun taka ban saba ganinta haka ba, yawanci bayanta ma ya ɗan zauna. A wa ka saye ta? Gobe da safe ka sa a ɗaga ta, ka haska fitilar waya a saman shok ɗin baya, inda ya haɗu da bodi, da kuma tsakanin zagayen sifirin. Ka gaya mini abin da ka gani.

Abba Gwarinpa

Oga ya faɗi gaskiya a kan wuta da yanka, ba ni da ja. Amma ɗan'uwa kada a tsorata ka har ka fasa. Tawa Civic ce, a kan koyiloba, wato sifirin da shok a haɗe, na kamfanin Tein take, kuma ita nake hawa kullum a Abuja. Daɗin koyiloba shi ne sifirin da shok tare aka auna su tun daga kamfani, kuma yana da zare a jiki, ka murɗa ka ɗaga ko ka sauke. In zan je gida da sallah sai in ɗaga ta. Sharaɗin kawai ka riƙa wanke zaren kana shafa masa giris, in ka bari ƙura da ruwa suka kama shi ko da guduma ba zai juya ba. Kuma duk murɗawar da ta yi yawa sai an koma wajen alaimen, wannan kuɗi ne.

Yadda motar ke shan kwana yanzu da yadda take a da ba a haɗawa. Ta daina kwanciya gefe, in na taka birki hancinta ba ya nutsewa. Wannan fa ba ado ba ne kaɗai.

Abin da za ka koya shi ne tuƙi. Bamp ba a hawansa kai tsaye, a karkace ake bi, taya ɗaya bayan ɗaya, a hankali, na bayanka ya yi ta hon in ya ga dama. Shiga gidan mai ko get mai gangara ma haka. Akwai gidajen abokai da a waje nake ajiye mota in taka da ƙafa. Leɓen bambar gaba kuwa ka ɗauke shi a matsayin abin da ake canzawa. Wanda ya sayi rariya ai ya san za ta zubar da ruwa.

Maganar rim 18 ce zan ja maka kunne a kai. Idan taka ta zo da taya mai lamba 205/60 R16, gefen tayar milimita 123 ne. Masu sa 18 da yawa suna ɗora 225/40, gefenta milimita 90. Wannan robar da ka rasa ita ce ke shanye dukan rami kafin ya kai ga rim. Ka haɗa gajeren sifirin da siririyar taya a hanyar Gwarzo, mai gyaran rim zai haddace sunanka. Ni da zan ba ka shawara 17 za ka sa da 215/50, tsayinta gaba ɗaya kusan ɗaya ne da ta asali, agogon gudu ba zai yi maka ƙarya sosai ba, kuma a ido tana cika rami.

Baba Tsohon Direba

Ikon Allah. Mu a zamaninmu mutum yana alfahari ne da motar da ke wuce inda wasu suka maƙale. Fijo 504 na ja shekaru a hanyar Kano zuwa Maiduguri, irin wadda ake haɗawa a Kaduna a lokacin. Abin da ya sa ta yi suna a Afirka ƙafarta ce, doguwa mai laushi, ta shiga rami ta fito fasinja na barci. Ita ce ta ci tseren Safari na Kenya a 1975, ba don ta fi sauran kwanciya a ƙasa ba.

Ɗana, ni ba zan yi maka maganar ƙarfe ba, Oga ya gama. Ka tuna ranar da za a yi ruwan dare, layinku ya cika, yaro ya tashi da zazzaɓi. Ka tuna ranar da Hajiya za ta shiga motar da ciwon baya. Ga butar man inji da salansa, duk a ƙasa suke, dutse ɗaya ya huda butar mai ba ka lura ba inji ya tafi. Kuɗin nan ka sayi sababbin tayoyi huɗu da shok na kirki, ragowar ka yi wa Hajiya cefane. Allah ya yi maka albarka.

Ɗan Zongo a Hamburg

Salam. Ni a Jamus nake zaune, kuma Eibach da H&R da Bilstein duk na nan ne, a jiha ɗaya ma suke. Nan sauke mota abu ne da aka saba gani, amma ba a yin sa da ka. Sifirin yana zuwa da takardar shaida da ta faɗi motar da ya dace da ita da nauyin da zai ɗauka, kuma akwai lamba a jikinsa. Ko dai takardar ta wadatar ka ajiye ta a mota, ko kuma sai ka kai wa masu binciken mota irin su TÜV sun duba an shigar a takardunka. Cikin abin da suke dubawa har da cewa in an ɗaga mota taya na lilo, sifirin bai saki wurin zamansa ba, kuma taya ba ta gogar bodi. Yankakken sifirin ba ya wucewa ko kusa.

Abin da nake so ka ɗauka daga nan: idan kayanka suka iso, ka duba lambar da ke jikin sifirin ka gwada da wadda ke shafin kamfanin. Jan fenti ba shi ne Eibach ba, kowa na iya sayen fenti.

Ɗan Rijiyar Zaki

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Baba na ji, amin.

Oga, na kai an ɗaga. A saman kowane shok na baya akwai wani faranti na alminiyon, kaurinsa ya kai yatsa biyu, a tsakaninsa da bodi. A gaba ma akwai, amma bai kai na baya kauri ba. Sannan a sifirin baya na hagu an cusa wata baƙar roba tsakanin zagaye biyu, na dama babu, ko ta faɗi ne. Wanda na saya a hannunsa ɗan kasuwa ne mai yawan zuwa ƙauye.

Yaron garejin ya danna bayan motar ya saki, ta yi ta lilo kafin ta tsaya. Ya ce shok ɗin baya ya mutu, amma akwai mai yi musu ɗurin mai su dawo sababbi, ko in sayi na Beljiyam. Gaskiya na duba farashin Koni da kuɗin kawowa, a yadda dala take yanzu ba zan iya haɗa shi da sifirin a lokaci ɗaya ba. Zan iya fara sauke bayan kawai, gaba ya jira?

Oga Mai Ƙafa

Na faɗa a raina. Ƙanena, ba motarka ce mai tsayi ba, ɗaga ta aka yi. Wannan farantin sifesa ne, kuma a garejina masu zuwa a sa musu shi sun ninka masu zuwa a sauke musu nesa ba kusa ba. Motocin Amurka an yi su ne don titin can, in sun shigo mutanenmu suna jin cikinsu na gogar bamp sai su ce a ƙara tsayi. Mai motarka na farko don hanyar ƙauye ya yi, bai yi laifi ba. Robar da aka cusa a sifirin kuwa dabara ce ta ɓoye gajiyar sifirin ko ƙara masa tauri don kaya, kuma tunda gefe ɗaya ce ta rage, yanzu haka bayan motarka hagu da dama ba ƙarfinsu ɗaya ba.

Ka ga da ka bi bakaniken unguwarku, da an yanke sifirin an bar sifesa a kai. Motar ta dawo tsayinta na asali a ido, amma da rabin ƙafa. Ina ganin irinsu.

Ga abin da za ka yi, kuma ba sai ka jira dala ta sauka ba. A cire sifesa huɗun da robar nan. Wannan kaɗai zai sauke maka baya da kusan abin da kake nema tun farko, ba tare da ka rasa komai na hanyar shok ba, don sifesa a saman shok yake zaune, bai taɓa tafiyar fistin ba. In an cire a duba ƙusoshin saman, wani lokaci masu sa sifesa suna canza su da dogaye, a tabbata noti ya kama har ƙasa.

Sannan ka sayi sabon shok na tsayin kamfani. A nan KYB ɗin da na ce bai dace da gajeren sifirin ba shi ne daidai, tunda sifirin asali za ka bari. Biyu-biyu ake canzawa, hagu da dama tare. In kuɗi bai kai huɗu ba fara da na baya tunda su suka mutu. Ka saya a wajen wanda zai ba ka rasit ya yarda ka dawo da shi, don jabu sun yi yawa, kwali ɗaya ne ciki daban. Kafin a ɗaura ka danna sandar da hannu har ƙasa ka saki: ta shiga da nauyi iri ɗaya ba tare da wurin da ta zarce fayau ba, ta kuma fito da kanta a hankali.

Ɗurin mai ka manta da shi. Hudawa suke yi su zuba mai su toshe, alhali abin da ya lalace bawul ne da robar bakin sanda, waɗannan kuma ba su taɓa su ba. Zai yi maka tauri na ɗan lokaci ka ɗauka ya gyaru. Na Beljiyam sa'a ce, an cire shi ne daga motar da ita ma ta sha tafiya, kuma wanke shi da fetur ba ya dawo da ƙuruciyarsa. Araha ba ta ado.

Sauke baya kawai da gajeren sifirin kuwa, a'a. Sifirin saukewa saiti ne na huɗu, an auna taurin gaba da na baya su tafi tare. Ka sa mai tauri a baya ka bar mai laushi a gaba, ka sauya yadda motar ke shan kwana, bayan zai fi saurin zamewa, musamman a jiƙaƙƙen titi. Ga fitilunka za su koma kallon sama suna kashe wa na gaba ido, in ka loda hatsin Gwarzo kuma abin ya ƙaru.

Da sifirin baya kuma a auna tsayinsu a ƙasa idan an fito da su, a jera su gefe da gefe. In ɗaya ya fi ɗaya gajarta, ko ka ga tsatsa ta ci wani wuri, su ma canzawa za a yi.

Ka hau ta haka har damina ta wuce, ka ga yadda take yi da layinku da kaya a but. In cikinta bai taɓa ƙasa ba kuma har yanzu idonka na son ƙari, lokacin ka tara kuɗin Pro-Kit da shok ɗinsa a sa su rana ɗaya, ka ajiye na asalin a gida don ranar sayarwa, saboda dillali yana rage wa motar da aka sauke kuɗi. Abba, koyilobanka na ji, amma shi mai iyali ne a layin da ba kwalta, zaren nan ba zai kai bazara ba.

Kafin a taɓa komai ka yi mini awo. Ka ajiye ta a daɓen siminti mai daidai, ba kowa a ciki, but ba kaya. Ka auna daga tsakiyar rim zuwa bakin bodi a miƙe, kada ka auna daga ƙasa don iskar taya na sauya lissafi. Ka rubuta na ƙafa huɗun, bayan an gama aiki an ɗan zagaya da ita ka sake aunawa, ka turo mana duka a nan.